Mai Girma Rago

Ba zan taɓa mantawa da wannan hantsi na Ajingi ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Na daɗe ina ɓoye labarin, amma tunda mutanen garin har yau ba su gaji da ba da shi ba, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara ku ji daga bakin mai laifin.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Kano ba. Na dawo gida Gaya da takarda a hannu, da laftof a jaka, da wani irin ji da kai wanda yanzu in na tuna sai na rufe fuska. 'Yan unguwarmu suka laƙaba mini suna Injiniya (ko fankar ɗakina ban iya gyarawa ba, amma ban taɓa hana kowa kira ba). Ina cikin zaman jiran aiki sai wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta ɗauke ni. Reshe biyu gare ta, ɗaya a Gaya, ɗaya a Ajingi. Shugabanta Malam Isyaku mutumin Gaya ne, mai son ci gaba da son lasifika. In ya riƙe makirfo, sai an yi da gaske kafin ya saki.

Abin da ya dame shi shi ne allurar rigakafin dabbobi. Duk lokacin da likitan dabbobi zai zo, sai a ɗora wani a babur ya zaga ƙauyuka yana shela. Rabin mutane suna gona ba su ji ba, waɗanda suka ji kuma su manta ranar. Malam Isyaku ya ce shi so yake kowane ɗan ƙungiya ya samu saƙo a wayarsa, da sunansa, da irin dabbar da zai kawo. Ya tambaye ni ko zan iya. Na yi wata 'yar dariya irin ta ƙwararru na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai aikin rabin yini ne."

To ga yadda abin yake. Kowane reshe yana da rajistarsa a kwamfuta. Ta Gaya tana hannuna. Ta Ajingi tana hannun Anti Larai, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Da yatsu biyu take buga rubutu, tabarau a ƙarshen hanci, a hankali kamar mai tsince shinkafa, amma ba ka taɓa kama ta da kuskure. Rajistocin nan biyu ba tsari ɗaya gare su ba, don haka aikina shi ne in juye su duka a rumbun bayanai guda, daga can saƙonni su fita. Kafin a juye kuwa sai an rubuta abin da muke ce wa mapin, wato ɗan umarnin da ke gaya wa kwamfuta cewa abin da ke wannan gurbi na rajistar Ajingi, ga inda za a zuba shi a babban rumbu.

Hanya biyu ce ake yin sa. Ko dai ka ce wa kwamfuta ta duba sunan da aka rubuta a saman kowane gurbi, ko kuma ka ce mata ta bi lissafin jere: na ɗaya, na biyu, na uku. Malaminmu a makaranta ya sha ja mana kunne a kan hanya ta biyun, ya ce ta malalata ce. Ni kuwa na duba na ga ta fi sauri. Na rubuta cewa gurbi na ɗaya mutum ne, na biyu dabba, na uku lambar waya, na huɗu bayanin lafiyar dabbar. Na gwada, ya yi aiki lafiya lau. Na rufe laftof ina jin kaina kamar ni na gina gadar Wudil.

Har saƙon ma ni na tsara shi. Na ga in aka fara da sunan mutum haka tsurarsa bai yi armashi ba, sai na sa "mai girma" a gaban kowane suna. Ba wanda ya sa ni. Ni na ga dama.

Yanzu sai in gaya muku dalilin da ya sa nake ta rawar kai. A Ajingi akwai wata yarinya Saudatu, wadda na shekara ina zuwa zance wurinta. Har an tsayar da magana cewa manyana za su je neman aure mako guda bayan taron ƙaddamar da saƙonnin. Mahaifinta, Alhaji Bawa, shi ne dattijon reshen Ajingi. Manomin gyaɗa ne, kuma ya shahara da kiwon raguna. Mutum ne marar yawan magana, ban taɓa ganin haƙoransa ba. In na durƙusa na zuba gaisuwa ta minti biyu, sai ya ce "Madalla," shi ke nan. Sau ɗaya ya taɓa yi mini doguwar magana, ranar da ya kalli jakar laftof ɗina ya ce, "Wannan aikin naka, me ake girbewa a cikinsa?" Sai na ƙudura cewa ranar taro zai gani da idonsa.

Saura kamar mako uku taron, likitan dabbobi ya zo da sabon tsari. Ya ce kowace dabba za a maƙala mata lamba a kunne, don haka a rajista ma kowace dabba ta samu layinta ita kaɗai. Ni a Gaya na ce sai bayan taro zan yi (lalacina ne ya ceci mutanen Gaya, kamar yadda za ku ji). Anti Larai kuwa ba ta kwana da aiki. Ta zauna ta sake rajistarta tsaf. Tunda yanzu dabba ce ke da layi, sai ta mai da dabba gurbi na ɗaya, mai ita ya koma na biyu. Abu ne mai hankali, duk wanda ya san aiki haka zai yi.

Kuma ta gaya mini. Wannan ne wurin da nake so in tsallake in ina ba da labarin, amma ba hali. Ta turo mini saƙon murya na minti huɗu da wani abu. Duk wanda ya san Anti Larai ya san saƙonta ba ya fara magana sai ya gaishe da kowa. Na kunna ina zaune wurin mai awara, na ji tana cewa, "Injiniya, ina kwana, ya Hajiyarku, ya ƙafar tata, ya su Yaya, an samu ruwa a wajenku kuwa..." Na kashe. Na danna na mayar mata da amsa, baki cike: "Na ji Anti, ba matsala."

Bayan kwana biyar na je Ajingi, muka haɗu a ƙofar ofis. Ta sauke tabarau ta ce, "Ɗan nan, ka dai saurari saƙona ko? Na ɗan juya rajistar fa."

Ni hankalina yana kan agogo, don Saudatu ta ce in zo kafin la'asar. Na ce, "Anti, kada ki damu. Tsarin da na gina da kansa yake gane komai."

Ta mai da tabaraunta. Sannan ta ce, "To. Kai ne mai karatun."

Ana gobe taro na juye rajistocin biyu a rumbu. Kwamfuta ba ta yi ƙorafin komai ba. Don me za ta yi? Ita a wurinta Rago haruffa ne, Alhaji Bawa ma haruffa ne, inda ka ce ta ajiye nan za ta ajiye. Na duba yawan layuka na ga sun cika. Ban karanta ko layi ɗaya da idona ba. Lokacin da ya kamata in yi hakan, na tafi wurin mai guga karɓo sabuwar shaddata.

Ranar taro aka kafa rumfuna a filin da ke gaban ofishin ƙungiya na Ajingi, aka jera kujerun roba, aka tayar da janareta. Mutanen Gaya suka zo a bas guda, wasu daga Kademi a babura. Mutanen Ajingi kuwa ba a magana, har da makiyaya daga rugage, kowa da sandarsa a kafaɗa. Mata suna gefe guda, Anti Larai a gaba, Saudatu da ƙawayenta uku a bayanta. Saudatu ta riga ta gaya wa ƙawayen nata cewa yau za su ga abin mamaki. Ba ta yi ƙarya ba.

Aka ba ni tebur a gaba, ni da laftof ɗina. Malam Isyaku ya karɓi makirfo ya yi ta bayani a kan zamani. Da ya zo kaina ya ce, "Wannan ɗa namu, manyan kamfanoni sun neme shi a Legas, ya ce a'a, sai ya yi wa mutanensa aiki." Ba wanda ya taɓa nemana ko a Wudil. Amma na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, na bar maganar ta wuce. Na saci kallon Alhaji Bawa. Yana zaune a kujerar gaba cikin farar babbar riga, fuskarsa kamar kullum.

Sai Malam Isyaku ya ce, "Injiniya, bismillah."

Na miƙe, na gyara hula, na ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, na danna.

Ba a yi minti ɗaya ba filin ya ɗauka. Wayoyi suka fara ƙara ta ko'ina, wannan tana kukan tsuntsu, waccan tana ƙararrawa, wata tana rawa a aljihu. Mutane suka shiga laluben riguna. Aka yi tafi. Wallahi a wannan minti ɗin, da an ce in tsaya takara da na tsaya.

Malam Isyaku ya karɓi wayar wani mutumin Gaya, Malam Hudu, ya karanta a lasifika: "Assalamu alaikum mai girma Malam Hudu. Ana sanar da ku ku kawo saniya filin ƙungiya jibi da safe domin allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki. A ɗauro da igiya mai ƙwari. Idan akwai harbi ko tunkuyi a sanar da ma'aikata."

Aka sake tafi. Malam Hudu ya washe baki, tunda aka haife shi ba a taɓa ce masa mai girma ba. Na lura ɓangaren mutanen Ajingi ana ta ƙus-ƙus, ana miƙa wa juna wayoyi, wasu suna ɗaga kai suna kallona. Na ɗauka sha'awa ce. Har na ɗaga musu hannu.

"Yanzu kuma," in ji Malam Isyaku, "bari mu ji na dattijonmu, uban reshen Ajingi."

Ba wanda ya aike ni. Ni da kaina na tashi da sauri, na je gaban Alhaji Bawa, na durƙusa, na karɓi wayarsa da hannu biyu, na kai wa Malam Isyaku. Na koma na tsaya a gefensa, hannuwa a baya.

Ya gyara murya. Ya fara da ƙarfi, irin karatun mai labaran rediyo:

"Assalamu alaikum mai girma Rago. Ana sanar da ku ku kawo Alhaji Bawa filin ƙungiya jibi da safe domin allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki."

Kun san mai gudu ba ya tsayawa nan take. Bakin Malam Isyaku ya riga kansa, sai da ya ƙara: "A ɗauro da igiya mai ƙwari. Idan akwai harbi ko tun..."

Nan ya tsaya.

Ba ka jin komai a filin sai janareta. A take na gane abin da ya faru, na ɗaya ya koma na biyu, na biyu ya koma na ɗaya. Na kuma gane cewa ba saƙo ɗaya ba ne. Duk wayar da ke Ajingi haka ta samu.

Daga can baya wani ya ɗaga murya: "Nawa ma haka yake! Akuya aka ce ta kawo ni!"

Wani ya ce, "Ni bijimi ne zai kawo ni!"

Malam Isyaku, Allah ya saka masa da niyyarsa, ya so ya ceci lamarin. Ya ce, "Jama'a, a yi haƙuri, wataƙila wannan ɗaya ne ya samu tangarɗa. Ga wani saƙon ya shigo wayar Alhaji, bari mu ji." (Tunda kowace dabba da layinta, Alhaji Bawa saƙo tara ya samu.) Na miƙa hannu in tare shi, amma kafin in kai ya fara:

"Assalamu alaikum mai girma Tunkiya. Ana sanar da ku ku kawo Alhaji Bawa..." Ya tsallake tsakiyar da sauri, yana neman inda zai samu mafita, ya faɗa kan layin ƙarshe. "Bayanin lafiya: akwai ciki wata uku, a taho a hankali."

Filin ya fashe. Na ga dattijo ya zame daga kujerar roba yana riƙe da ciki. Na ga mata sun cusa fuska a mayafi kafaɗunsu suna rawa. Direban bas ɗin Gaya ya kwanta a kan bonet yana dukansa da hannu. Saudatu kaɗai ce ba ta dariya a ɓangaren mata, ta kafa wa ƙasa ido kamar tana neman allurar da ta faɗi.

Amma ba kowa abin ya ba dariya ba. Wani dattijon makiyayi ya miƙe, ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Ku tsaya. Na mutanen Gaya an karanta daidai, har da mai girma. Mu na Ajingi ne aka mai da dabbobi, a garinmu, a gaban matanmu. Wannan ba kuskure ba ne. In haka haɗin yake, kowa ya kama gabansa."

Dariya ta fara janyewa. Wasu suka ce gaskiya ne. Na ga mutum biyu uku sun miƙe suna kaɗe riguna. Ƙungiyar da aka sha wahala kafin a haɗa tana shirin rabewa a gabana saboda rago. Malam Isyaku ya juyo, a karon farko a rayuwarsa ya miƙa wa wani makirfo ba tare da an roƙe shi ba. Ya ce, "Injiniya, yi wa jama'a bayani."

A nan ne fa ainihin abin kunyar yake. Wancan na farko kuskure ne, kowa yana yi. Wannan kuwa hali ne.

Na karɓi makirfo na ce, "E to, jama'a, kun san matsalar netiwok..."

Wani ya ce, "Netiwok ɗin ne ya san Alhaji yana da tunkiya?"

Sai na ji bakina yana cewa, "Ko kuma, wataƙila, an samu kuskure ne wajen shigar da bayanai a nan ofishin Ajingi."

Ban kalli inda Anti Larai take ba. Ban buƙata ba, don na ji ƙarar kujerarta. Ta taso a hankali, ta ratsa tsakiyar fili, jakarta a hammata. Ta miƙo hannu, na ba ta makirfo kamar ɗan aji uku da aka kama da abin wasa. Ta ciro wayarta, ta gyara tabarau, ta lalubo abin da take nema da yatsa ɗaya, ta kara wayar a bakin makirfo.

"Injiniya, ina kwana, ya Hajiyarku, ya ƙafar tata, ya su Yaya..."

Ba ta tsallake komai ba. Jama'ar Gaya da Ajingi suka saurari gaisuwar danginmu kaf, suka ji labarin ruwan sama, suka ji cewa firintar ofis tana cin takarda. Ina tsaye a rana, shadda ta manne mini a baya. Sai a wajen minti na uku muryarta ta fito tar a lasifika: "To abin da ya sa na kira ka, na juya rajista saboda maganar likita. Yanzu dabba ce a gaba, mai ita a baya. Ka gyara naka can kada a samu matsala. Ka ji ko? Dabba a gaba, mai ita a baya."

Sau biyu ta faɗa. Da saƙon ya ƙare ta ce, "Ga kuma amsarsa." Ta danna.

Aka ji muryata, da tauna a ciki, har da ƙarar man suya a baya: "Na ji Anti, ba matsala."

Dariyar da aka yi a wannan karon ta fi ta farko. Har dattijon mai sanda sai da ya koma ya zauna yana girgiza kai, ya ce, "Ashe ba raini ba ne, wauta ce." Haka aka yi ƙungiya ta tsira. An tabbatar wa kowa cewa ba mutanen Gaya ne suka ci mutuncin Ajingi ba, sakarai ɗaya ne kawai, kuma ga shi tsaye.

Alhaji Bawa ya miƙe. Ya zo ya karɓi wayarsa daga hannun Malam Isyaku, ya sa a aljihu, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Madalla." Ya tafi.

Ban jira bas ba. Ɗan acaɓa na tara ya mai da ni Gaya, kuma ko shi sai da ya tambaye ni a hanya ko na ji abin da wani yaro ya yi a taron ƙungiya. Na ce ban ji ba.

Bayan la'asar Saudatu ta kira. Na ce, "Me Baba ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya dai shiga garke ya daɗe yana kallon babban ragon nan."

"Ke fa?"

Ban sani ba ko kuka take dannewa ko dariya. Sannan ta ce, "Ƙawayena sun ce in tambaye ka, tunda kai ka san watannin, yaushe ne suna?"

Na yanke shawarar komawa Kano in ɓace. Har na fara haɗa kaya, Hajiyarmu ta leƙo ta ce, "Ina za ka? Labarin ai ya riga ka isa Kano. Ka je ka ba matar nan haƙuri, wadda ta tambayi ƙafata kai ba ka tambaya ba."

Washegari da sassafe ina ƙofar ofishin Ajingi. Da Anti Larai ta iso na durƙusa har ƙasa na ce, "Anti, na yi miki ƙazafi a gaban jama'a, kuma na san ƙarya nake yi lokacin da nake faɗa. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe. Tashi, akwai aiki."

Ta zaunar da ni a wani ɗan benci a gefen teburinta. Muka sake mapin ɗin daga farko, a wannan karon kwamfuta tana bin sunan da ke saman gurbi, ba jere ba. Na ƙara mata umarnin cewa in ta ga gurbin da ba ta sani ba, ta tsaya ta yi ƙorafi, kada ta zuba abu inda ta ga dama. Anti Larai ba ta san yaren kwamfuta ba, amma ta kafa mini dokoki irin na aji. Duk wanda ya taɓa tsarin rajista, ni ko ita, ya rubuta wa ɗayan a layi biyu (ta yarda za ta ajiye gaisuwa a ƙarshe). Kafin a aika komai, sai na karanta mata layi goma da bakina. Kuma saƙon farko wayata zai fara zuwa. Da azahar muka aika saƙon gyara da ban haƙuri, kowa a gurbinsa.

Ranar allura Malam Isyaku ya ce tunda na iya haɗa mutane da dabbobi, in ajiye laftof in taya riƙe su. Filin ya cika fiye da kowace shekara. Wasu ma ba su da dabba, ni suka zo gani. Ina cikin kokawa da wata akuya sai na ji hayaniya ta lafa. Na ɗaga kai.

Wani ƙaton farin rago ne ke tahowa, ƙahonsa ya murɗe sau biyu, yana jan igiya da ƙarfi. A bayansa, riƙe da ƙarshen igiyar, Alhaji Bawa ne yake biye da shi. Suka zo har gabana suka tsaya. Fuskarsa ba alamar wasa ya ce, "Injiniya, ga mai girma ya kawo ni. Ina ake yin allurar?"

Likitan dabbobi sai da ya ajiye sirinji ya jingina da mota.

Na zube a ƙasa na ce, "Baba, a yi mini afuwa."

Ya bari sai da dariyar mutane ta lafa, sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ka je wurin Larai?"

"Na je, Baba. Ta yafe."

"To. Rago bai ji haushi ba, ni ma ban ji ba. Abin da ya tsaya mini shi ne mutumin da zai yi laifi ya ɗora wa mace a bainar jama'a. Shi na kwana biyu ina tunanin ko zan ba shi 'yata."

Ban iya ɗaga kai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ka gaya wa manyanka su ƙara wata guda. Ina so in ga ko durƙuson naka na kwana ɗaya ne." Ya miƙo mini igiya. "Riƙe shi. Akwai tunkuyi, na sanar da ma'aikata."

Gaskiya ya faɗa. Sati guda na yi ina zama da gefe ɗaya.

Watan ya wuce, manyana suka je, aka ba ni Saudatu. Har yanzu ina aiki da ƙungiyar, kuma rajistar nan ba ta taɓa zama yadda na bar ta ba. Yau a ƙara gurbi, gobe a raba ɗaya gida biyu, jibi a canza wa wani suna. Na daina jin haushi, na gane cewa gyaran mapin ɗin shi ne aikin, ba rubuta shi na farko ba.

Bara aka ce a sa jakuna a cikin rajista, kuma sabon fom ɗin likita ya zo da gurbi biyu duka an rubuta musu "suna", ɗaya na dabba, ɗaya na mai ita. Na yi gyarana a natse, na shigar da kaina a layin gwaji da jaki guda, na aika wa wayata. Ta yi ƙara. Na buɗe, na ga an rubuta: "Assalamu alaikum mai girma Jaki."

Na duba hagu, na duba dama, ba kowa a ofis. Na sake karantawa, kuma tsakani da Allah ban ga abin musu a ciki ba. Na gyara, na aika wa jama'a nasu lafiya lau.

Abin da na koya ke nan: kwamfuta ba ta raina kowa, abin da ka gaya mata jiya take maimaitawa yau da iyakar gaskiyarta, ko da duniya ta juya a tsakani. Don haka in za ta kira wani jaki, ka tabbata kai ta fara kira, kai kaɗai, ƙofa a rufe, ba lasifika a kusa.